Tifar Injiniya

Ni dai da na san taron iyayen yara wurin faɗin abin da ba za a yi ba ne, wallahi da ban rufe shagona na je ba. Mata biyu na bari da kai a tsefe, ɗaya ma na kai mata kitson rabi, na ce su yi haƙuri, 'yata ta shiga aji uku, an ce kowa ya zo ya ji abin da shekarar za ta zo da shi. Na je aka zaunar da mu a kan kujerun yara, gwiwata tana neman taɓa haɓata, ga zafi, ga fankar ajin tana juyawa kamar an roƙe ta.

Malamar ajin wata siririya ce mai tabarau, muryarta da daɗi. Ta tsaya gaban allo ta ce bana yara za su ajiye fensir su ɗauki biro, don haka kada mu tayar da hankali in mun ga tawada a aljihun riga. Ta ce za su haddace lissafin sau, za su fara karanta labari su kaɗai ba mai biya musu. Ta ce shekarar ƙulla ƙawance ce da ɓatawa, mu daina shiga faɗan yara. Duk na ji, na gyaɗa kai. Sai ta zo kan aikin hannu.

"Kowane zango akwai aikin hannu guda," in ji ta. "Yaro zai ƙera wani abu da yake gani a gari, ƙarshen zango mu baje su a ɗakin taro kowa ya gani. Amma iyaye, don Allah ina roƙonku," har da haɗa tafin hannu, "hannun yaro kawai muke so. Ko ya karkace, ko ya yi muni, nasa muke so. A aji uku ne yaro yake koyon tsayawa da ƙafarsa."

Har tafi na yi. Kusa da ni akwai Maman 'Yan Biyu, matar mai kantin magani, wadda nake yi wa kitso tun kafin ta haifi 'yan biyun. Ta ɗaga murya ta ce, "Gaskiya ne, Malama, a daina lalata yara!" Ku riƙe min wannan maganar tata, za mu dawo kanta.

Abin da ya sa dokar ta yi min daɗi, ina da yarinyar da dokar ta dace da ita. Tun tana rarrafe, in ka ajiye abu mai murfi sai ta ga abin da yake ciki. Ta farke mana tocila, ta farke agogon bango, saura kaɗan ta kwance ƙafar kujerar shagona da mutum a kai. Tun ina buge hannun har na gaji, don daga baya na lura duk abin da ta kwance tana mayar da shi, wani lokacin ma ya fi da. Kawunta ne ya fara ce mata Injiniya don tsokana, sunan ya bi ta har muka manta da na gaskiyar. Tana da wani tsohon gwangwanin madara cike da noti da lanƙwasassun kusoshi da marafan kwalba, da wata 'yar sukundireba mai jan kai da ubanta ya ba ta. Ina da tukunyar miya mai dogon hannu, notin hannun kullum sai ya saki. Ban taɓa cewa a gyara ba. Da ta ji yana ƙwas-ƙwas sai dai in gan ta da sukundirebarta, harshe a waje, ta ɗaure shi tam, ta ce, "Mama, in ya sake, ki kira ni."

Ubanta kafinta ne. Mutum ne shiru-shiru, in ka ce masa gari ya waye sai ya leƙa ya tabbatar kafin ya amsa. Na dawo daga taron na same shi yana wanke hannu, na karanta masa doka.

"Baban Injiniya, an ba su aikin hannu. Ba ruwanka. Ko kusa ɗaya ka buga mata, ni da kai ne."

"Ko yanka? Zarto fa ba abin wasan yara ba ne."

"Wa ya ce da zarto za ta yi? Ga almakashi nan. Malama ta ce hannun yaro kawai."

Ya ce, "To." Shi ke nan. Mutumin nan da "to" ya aure ni, da "to" yake zaune da ni.

Injiniya ta ce tifa za ta yi, irin wadda take kawo yashi wurin ginin bayan layinmu. Ba kuma tifar kallo ba, wadda bayanta yake ɗagawa ya juye kaya. In an tashi daga makaranta shagon ubanta take zuwa, don ya fi kusa, nawa kuwa babu wurin ajiye ƙafa, sai da yamma su taho gida tare. A can take zama a lungu da kwalayenta, ta dawo gida ta ci gaba a tsakar gida.

Ta sha fama. Tayoyin farko na kwali ne, suka lotse. Ta koma marafan kwalba, ta huda su da kusa, ta haɗa da yatsanta, ta zo min da shi a naɗe da tsumma ba ko hawaye. Bayan tifar ya ƙi ɗagawa. Ta sa zare, ya tsinke. Ta sato robar ɗaure gashi a shagona ta sa, bayan ya yi tsalle ya watsa min yashi a cikin abincin da nake hurawa. Na yi faɗa sosai, sannan na shiga ɗaki na yi dariya. Wata rana abin ya ishe ta, ta yi jifa da tifar ta ce, "Mama, ki ce Baba ya ɗan taimaka min."

Na ce, "A'a. Malama naki take so. Kowa a ajinku haka yake fama."

Ta yi min wani irin kallo, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta haɗiye. Na ɗauka taurin kai ne irin na dangin ubanta.

Daga ƙarshe ta samo dabara. Ta naɗe zaren a jikin bututun tsohon biro, ta yi masa mariƙi da waya, in ta juya sai bayan ya ɗaga a hankali, yashi ya zubo. Muni kam, tifar nan ta yi muni. Gam ya yi mata dabbare-dabbare, a gefe ɗaya ana karanta sunan sabulun da kwalin ya zo da shi, ga shi ta karkata hagu kamar mai ciwon ƙugu. Amma tana tafiya, tana juye kaya. Na kira maƙwabta suka gani. Duk macen da ta kwantar da kai a cinyata a makon nan sai da ta ji labarin tifa, ko tana so ko ba ta so.

Yara sun kai ayyukansu tun ana gobe. Ranar bajewa na ci ado. Ubanta ya ce yana da ƙofar da zai kai wa wani, ba zai samu zuwa ba. Bai dube ni ba da yake faɗa, ni kuma ina fama da ɗankunne, ban kula ba.

Ina shiga ɗakin taron na ja na tsaya. Tebura a jere an lulluɓe su da farin ƙyalle. A kansu ga gada mai ƙafafu, ga asibiti mai tagogi, ga tankin ruwa da tsaninsa, ga motar bas har da kujeru a ciki. Duk katako ne sumul, an goge shi da samfefa, an shafe shi da fenti. Kowanne da sunan yaro a gabansa, yaran da na sani, waɗanda har yau uwarsu ce take ɗaure musu igiyar takalmi.

Ba ma wannan ne ya tsayar da ni ba. Shuɗin ne. Akwai wani fenti da Baban Injiniya ya haɗa bisa kuskure bara, ya zuba fari a cikin shuɗi, ɗan kore ya faɗa ciki, ya fito wani kala da ba a sayar da shi a ko'ina. Babban bokiti guda. Da shi ya shafe min kabad ɗin kicin, da ƙofar banɗaki, da kujerar shagona, har na ce masa saura ni. To ga shi nan a jikin gada. Ga shi a rufin asibiti. Ga shi a bas. Na ɗauki tankin ruwan na kai hanci, warin shagon mijina ne, wanda nake wankewa daga rigunansa.

"Ba a taɓawa, Mama," in ji wata malama.

Na ajiye, na shiga neman tifa. Na bi teburan nan ɗaya bayan ɗaya, babu ita. Can na hango Injiniya tsaye a bakin ƙofar baya, inda ake jingine tsintsiya, tifar tana ƙasa a gefen ƙafarta. An raba wa baƙi biskit da alawa. Mutane suna wucewa, su ga kwali a buɗe a ƙasa, su jefa leda a ciki. A kan idona wani mai tumbi ya jefa tasa bai ko duba ba. Yarinyar nan ta sunkuya ta cire, ta haɗa da waɗanda suke hannunta. Hannun a cike yake da ledoji.

Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba, har kunnuwana suka ɗauki zafi. Na sunkuci tifar na nufi Malama.

"Malama, me ya kai aikin 'yata ƙasa kusa da tsintsiya?"

Ta gyara tabarau, ta rage murya. "Mama, wuri ne ya yi kaɗan. Kuma shugabar makaranta ta ce za a ɗauki hotunan da za a sa a allon talla, a jera waɗanda suka fi fitowa a gaba."

"Waɗanda suka fi fitowa. Malama, tsakaninki da Allah, ɗan aji uku ne ya yanka wannan gadar?"

Ta kawar da kai.

"Mijina ne ya yi su! Ga fentin kicin ɗina nan a jiki!"

Na zaci za ta firgita. Ko gezau. Ta ce, "Ai mun sani, Mama. Kowace shekara haka ake yi. Na bana ma sun fi kyau, ki gaishe shi."

Ku ji fa. In gaishe shi!

"To maganar da kika yi mana a taro fa? Har da haɗa hannu?"

"Dole ne in faɗa, haka tsarin yake. Ni ma da za a bi, da na fi kowa murna. Amma in yaro ya kawo abu ya ce shi ya yi, uwarsa tana tsaye a bayansa, ni wace ce da zan ƙaryata su? Ina son aikina." Ta dubi tifar a hannuna ta ce, "Ta yi ƙoƙari. Na ba ta makin wucewa."

"Kin juya mariƙin?"

"Wane mariƙi?"

Kafin in samu bakin ba ta amsa, aka sanar a lasifika cewa gadar 'yan biyu ce ta zo ta ɗaya. Aka ɗau tafi. Uwarsu ta gama tsayawa a hoto, ta hango ni, ta taho tana rangwaɗa.

"Maman Injiniya, mijinki fa akwai hannu! Ke da kike da shi a gida, me ya sa kika bar yarinya ta zo da kwali? Wallahi har tausayi ta ba ni."

"Ba ke ce kika ce a daina lalata yara ba?"

Ta yi dariya ta dafa kafaɗata. "Ayya, maganar taro ai ta taro ce."

Na ture hannunta na ce, "Daga yau ki nemi mai yi miki kitso. In kika ƙara kawo min kanki, aske shi zan yi."

Ban tsaya rufe taro ba. Na ja hannun Injiniya sai shagon ubanta. Ba wata ƙofa da ya kai. Yana zaune a kan benci yana wasa bakin zarto, ga bokitin shuɗin nan a gefensa ya kusa ƙarewa.

"Ina ƙofar da za ka kai?"

Ya dubi fuskata, ya dubi tifar, ya ajiye zarton.

Ban rage masa komai ba. Na ce 'yarsa ce ake zuba wa shara a aiki, shi kuma yana nan yana gina wa 'ya'yan mutane asibiti. Na ce kunya ce ta hana shi zuwa, don ya san abin da zan gani. Na ce duk garin nan ni kaɗai ce sakarar da ta ji magana ta ɗauka gaskiya ce, kuma da hannun mijina aka yi min. Mai walda na maƙwabtansa har ya kashe injinsa don ya ji da kyau.

Da na tsaya jan numfashi ya ce, "Aiki aka kawo min. Na farko cewa ya yi adon ofis ne. Sai da suka fara yawa na gane. In na ƙi, shagon gaba za su kai. Ke kuma kin ce kar in taɓa nata, ban taɓa ba."

"Bakinka ciwo yake da ba za ka faɗa min ba?"

"Kin yarda da maganar malamar nan sosai. Na rasa ta inda zan fara."

Na buɗe baki zan ɗora, sai na ji an ja min gefen mayafi.

"Mama, ki bari. Ai na sani."

"Kin san me?"

"A nan nake zama. Ni nake miƙa masa kusa. Ƙafafun gadar ma ni na goge su da samfefa."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa min?"

"Na ɗauka nawa ne na ƙarshe. Na ɗauka in ya gama na kowa zai yi min wanda ya fi duka, shi ya sa ba ya magana. Har jiya sai da na duba ƙarƙashin benci." Ta juya wajen ubanta. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Baba, ka yi wa kowa. Ni kaɗai ce ba ka yi wa ba."

Ya juya fuskarsa wajen bango.

Na tafi hutun nan da abin a wuyana. In ina kitso in tuna mai tumbin nan da ledarsa, sai mai kai ta yi ƙara ta ce na ja da yawa. Da aka koma zango na biyu aka ba da sabon aiki, na riga na gama shawara. Tunda haka ake wasan, to mu ma mun iya, kuma a gidanmu gwanin yake kwana.

Na ce, "Baban Injiniya, duk uwar ɗan aji uku da ta zo shagonka, ka ce ba ka da katako. Abu ɗaya za ka yi, na 'yarka. Kuma ina so ya zama abin da ba a taɓa gani ba a makarantar nan."

Wannan karon bai ce "to" nan take ba. Ya ce, "Kin tabbata? Ki bar ta ta yi, ni in tsaya a kanta in nuna mata yadda ake riƙe kaya. Hannunta na da kyau."

"A'a. Ba wani karkataccen abu da zai ƙara shiga ɗakin nan da sunan 'yata. So nake Maman 'Yan Biyu ta gani abinci ya ƙi wuce mata."

Ya dube ni, ya ce, "To."

Tashar jirgin ƙasa ya gina. Da dogo, da taragai, da rumfar fasinja, da agogo a goshin ginin, har da ƙananan fitilu masu kamawa da batir. Na sayo masa sabon fenti ja da ruwan ɗorawa, na ce kar in ga ɗigon shuɗin nan. A gida ya ƙarasa haɗa ta, a kan teburin falo, ni kuma ina gadi. Wata yamma na fito daga kicin na ga Injiniya a tsaye a kanta da jar sukundirebarta, tana leƙa ƙarƙashin wani tarago.

"Mama, tayoyin a manne suke. In na kwance nan, zai iya tafiya."

Na daka mata tsawa. "Kar ki taɓa! Za ki ɓata fentin!"

Ta janye hannun, ta sa shi a baya, ta fita.

Ta zo ta ɗaya, mana. Wa zai ja da ita? 'Yan biyu sun zo da wani jirgin sama daga shagon gaba, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, uwarsu ko kallon inda nake ba ta yi ba. Shugabar makaranta da kanta ta riƙe kafaɗar 'yata aka ɗauki hoto. Malama ta wuce ta gefena tana murmushi ta ce, "Kin gani, Mama? Wannan karon ta fito." Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja, na bi kowace uwa da ido sai da ta sunkuyar da kai.

Aka ba Injiniya kofin nasara mai ƙyalli. Ta riƙo shi a hanya. Muna shiga gida ta wuce inda ubanta yake zaune, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Baba, ga kofinka."

Bai taɓa shi ba. Ni na ɗauka na ɗora a kan kabad, yana nan har yau, ƙura ta rufe shi.

Bayan 'yan kwanaki ina girki, hannun tukunya ya fara ƙwas-ƙwas. Na jira in ji takunta, shiru. Na ƙwala kira.

"Injiniya! Hannun tukunya ya saki!"

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa hannu rabbana. "Ki ba Baba, shi ya iya."

"Ina gwangwaninki?"

"Na zubar. Kuma Mama, don Allah ku daina ce min Injiniya. A aji dariya suke min, suna cewa injiniyar kwandon shara."

Na sauke tukunyar na fita bayan gida inda muke tara shara. Da zanina mai kyau na tsuguna ina tonawa, maƙwabciyata tana leƙe ta katanga tana tambaya ko zobe na yar. Na samo gwangwanin a ƙasa, da notinsa da marafansa, da jar sukundirebar. Tifar ma tana wurin, ruwa ya jiƙa ta ta narke, sai bututun biron da zarensa. Na wanke gwangwanin na ɗora a kan tagar kicin, daidai inda idonta zai faɗa in ta shigo shan ruwa.

Zango na uku ya zo da nasa aikin. Muna cin abinci ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Baba, wannan karon jirgin ruwa nake so. Fari, mai bene. Ranar Alhamis ta sama za a kai." Haka matan nan suke yi masa magana in sun zo shago. Ta gama ta wanke hannu ta tafi kallon talabijin.

Ya dube ni. Na ce, "Kar ka yi."

Na bi ta falo na ce, "Ke za ki yi da hannunki. Babanki zai tsaya a kanki ya nuna miki."

"Ni ban iya ba."

"Wa ya ce ba ki iya ba? Wa ya yi tifa?"

"Tifa ta kwali ce, Mama."

"In ba ki yi ba za ki faɗi."

Ta ɗaga kafaɗa. "To."

Ita ma ta koyi "to" ɗin. Na koma kicin na rufe ƙofa, na rasa wanda zan zaga. Malamar da ta haɗa hannu ta roƙe mu abin da ta san ba za a yi ba? Shugabar da take son hoto? Matan da suka yi tafi tare da ni, suka fita suka nufi shagon mijina? Na zage su duka ɗaya bayan ɗaya, da na gama sai na ga saura mai tsawar "kar ki taɓa", wato ni kaina, ita ma ban ƙyale ta ba.

Tun daga ranar na kafa sabuwar doka a gidan. Ba wanda zai ɗaure hannun tukunyar nan. Na ɗauki wuƙa na sassauta notin ƙofar kabad, yanzu a rataye take. Na cire wayar cikin tocila na bar ta a kan tebur a buɗe. Na kwance ƙafar ƙaramar kujera na jingine ta a hanyar ɗakinta. Baban Injiniya yana wucewa hannunsa yana ƙaiƙayi.

"Gidan kafinta guda, ƙofar kabad a rataye? Mutane za su ce me?"

"Su ce abin da za su ce. Ka taɓa ka gani."

Ita kuwa sai ta tsallake kujerar ta wuce. In tana son kofin shan ruwa a kabad, ta tallafe ƙofar da hannu ɗaya, ta ɗauka, ta mayar a hankali yadda ta same ta.

Jiya da rana na zo sauke miya, hannun tukunyar ya juya gaba ɗaya. Miya ta kwaro min a wuyan hannu, na saki ƙara, tukunyar ta faɗi, notin ya gangara har bakin ƙofa. Tana tsaye a wurin, dawowarta ke nan daga makaranta, da tawada a aljihun riga. Notin ya tsaya a gaban takalminta. Ta dube shi. Ta dubi hannun tukunyar. Na ga idonta ya tafi kan taga wurin gwangwanin, na ga yatsunta suna motsi a jikin siket. Hannuna yana raɗaɗi amma ko hura shi ban yi ba, don kar in yi motsin da zai kore ta.

Ta sunkuya ta ɗauki notin, ta juya shi a tafin hannunta. Sannan ta miƙo min.

"Sannu, Mama. Bari in kira Baba."

Na ce ba sai ta kira shi ba. Na mayar da notin da yatsa, sako-sako yadda yake, na goge miyar, na ɗora wata. Da tsumma biyu nake sauke tukunyar yanzu, hannuna a naɗe da bandeji, gwangwanin yana kan taga. Kuma na rantse, duk wanda ya ɗaure min notin nan in ba ita ba, ni da shi ne.